Coney Island ko Blackpool: ina za ka nufa in kana son hawa lilon da ya haura shekara ɗari?

Duk wanda ya taɓa kai yara wurin lilo ranar yawon Sallah ya san yadda abin yake. Inji na ƙugi, yaro na ihu yana dariya a lokaci guda, uwa na ƙasa tana salati har a sauko mata da shi. Wannan sana'a ta tara injinan wasa a fili ɗaya, a kewaye, a sa ƙofa, a karɓi kuɗi, ta samu siffar da muka san ta da ita ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Wurare biyu da suka yi fice a zamanin har yau suna aiki: Coney Island, a bakin teku a kudancin Brooklyn ta birnin Niyok, da Pleasure Beach na garin Blackpool, a arewa maso yammacin Ingila.

Na taka duka biyun, kuma 'yan uwa masu zuwa bikin yaye ɗalibi ko taro ko ziyarar dangi sukan tambaye ni wanne ya cancanci a ɓata masa yini guda da kuɗin guzuri. Amsata a taƙaice: wanda yake son ya hau da jikinsa, ya ji abin da mutanen 1904 da na 1923 suka ji, ya nufi Blackpool. Wanda yake son ya tsaya inda abin ya faro, da iyali, ba tare da aljihu ya yi kuka ba, Coney Island ya fi masa. Dalilan sun fi amsar amfani, don haka bari in baje su.

A labari dai babu mai ja da Coney Island. A 1884 LaMarcus Thompson ya kafa wani ɗan jirgi a can mai suna Switchback Railway, wanda ake ɗauka kakan jiragen hawa-da-gangara na Amurka. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, mai keke ma zai wuce shi, kuɗin hawa senti 5, amma mutane suka yi ta dogon layi. Daga nan manyan gidaje uku suka biyo baya, kowanne da halinsa.

Na farko Steeplechase ne, wanda George Tilyou ya buɗe a 1897. Sunan na sukuwar dawaki ne, kuma babban abin hawansa dawakin katako ne da aka ɗora kan dogayen layukan ƙarfe. Mutum biyu kan doki guda, a ja su sama a sake su, su gangaro suna tsere, galibi dokin da ya fi ɗaukar nauyi ya riga isowa. Tilyou ya gane cewa abin da ya fi sa taro dariya shi ne ganin wani ya sha kunya. Saboda haka ya tsara hanyar fita ta bi ta kan dandamali, inda iska ke fesowa daga ƙasa tana ɗaga tufafin mata, 'yan kallo na zaune suna shewa. Ni kam ban yi takaicin ɓacewar wannan ba. Da gobara ta cinye gidan a 1907, sai ya kafa sanarwa cewa zai sake gina wanda ya fi, ya kuma sa senti 10 ga mai son shiga kallon toka. Ya cika alkawari, ya sake ginawa.

Na biyu Luna Park, na Frederic Thompson da Elmer Dundy, wanda aka buɗe a watan Mayun 1903. Hasumiyoyi da ƙubbobi ne birjik, an yi musu ado da ƙwan lantarki kimanin 250,000, a zamanin da galibin gidaje fitilar gas ko ta kananzir suke kunnawa. Ka ƙaddara ma'aikacin masana'anta da ya fito daga ɗaki mai duhu ya tarar da dare ya koma rana. Abin da ya fi jan mutane shi ne “tafiya duniyar wata”. A zaunar da kai cikin wani jirgi mai fukafukai yana jijjiga, zanen gari da gizagizai na wucewa ta gefenka, iska na kaɗa ka, sai a ce an iso. Ka fito cikin kogunan da aka yi da takarda da filasta, wasu gajerun mutane cikin shigar mazauna wata su tarbe ka, har su ba ka ɗan cuku ka ɗanɗana.

Na uku Dreamland, 1904, na William Reynolds, wanda ya ƙudura sai ya fi Luna a komai. Gine-ginensa farare fat, hasumiyarsa mita 114, ƙwan lantarki miliyan guda. A ciki har wasan gobara ake yi, a cinna wa dogon gini wuta, 'yan kwana-kwana su zo su ceci mutane, gobe a sake.

Akwai ɓangaren labarin da ba na iya tsallakewa. A waɗannan gidaje an baje 'yan Adam kamar kayan kallo. A 1905 an kawo mutanen Igorot daga ƙasar Filifin aka ajiye su a Luna Park ana biyan kuɗi a kalle su. A Dreamland an gina ƙaramin gari aka zuba wadanni kusan 300. A watan Janairun 1903 aka kashe wata giwa mai suna Topsy da wutar lantarki a filin da ake gina Luna, har aka ɗauki hoton majigi. A gefe guda kuma, a nan ne Martin Couney ya ajiye kwalaben renon bakwaini daga 1903 har 1943. 'Yan kallo su biya, iyaye ba sa biyan ko sisi, kuma dubban jarirai sun rayu a lokacin da asibitoci da yawa ba su da irin na'urar.

To ina waɗannan gidaje yau? Babu ko ɗaya. A daren 27 ga Mayu 1911, ana gab da buɗe kakar wasa, ma'aikata na liƙe yoyo da kwalta a wani wasan jirgin ruwa mai suna Hell Gate, wuta ta tashi, kafin gari ya waye Dreamland ya zama toka, ba a kuma sake gina shi ba. Gidan kifaye na birnin Niyok ne a wurin yanzu. Luna ya ƙone a 1944, gidajen kwana ne a filinsa. Steeplechase ya rufe a 1964, ɗan kasuwar gine-gine Fred Trump ya saye, ya rushe shi a 1966. Luna Park da za ka gani yau an buɗe shi ne a 2010, suna kawai ya gada, injinansa na zamani ne. Wannan shi ne babban abin da nake so mai niyyar zuwa ya sani tun daga gida, don kada ya je neman 1905 ya tarar babu.

Abin da ya rage bai da yawa, amma ba na yarwa ba ne. Wonder Wheel, lilon nan mai kama da ƙatuwar ƙafar keke, yana juyawa tun 1920. Tsayinsa mita 46, ɗakunansa 24, kowanne na ɗaukar mutum shida. Takwas farare a kafe suke a bakin da'irar, su ne na dattawa da masu son kallon teku cikin natsuwa. Sauran 16, ja da shuɗi, a kan lanƙwasasshen layin ƙarfe suke. Na zaɓi ja. Muna tashi lafiya lau, ina kallon rairayi da jirgin ƙasa yana shiga tasha, sai ɗakin ya saki, ya sulale gaba kamar zai fice daga lilon ya faɗa kan rufin shaguna, ya tsaya cak, ya yi reto baya. Wani dattijo da ke gabana ya damƙi wayar taga da hannu biyu, jikarsa kuwa sai dariya take. Babu gudu a cikinsa, amma hanjinka zai kaɗa. A tsawon tarihinsa an san shi da rashin mummunan haɗari, kuma ko a daren 13 ga Yulin 1977 da wutar birnin ta ɗauke, da hannu aka juya shi aka sauke mutane.

Kusa da shi Cyclone yake, jirgin hawa-da-gangara mai layin katako, wanda aka buɗe ranar 26 ga Yunin 1927. Tsayi mita 26, layi kimanin mita 800, gudu ya kusa kilomita 100 a awa, komai ya ƙare cikin ƙasa da minti biyu. Sai lilon dawakin katako na B&B Carousell, wanda aka ƙera a farkon ƙarni na 20 aka gyara aka sake buɗewa a 2013. Akwai kuma jar hasumiyar Parachute Jump, mita 76, da aka kawo daga baje kolin duniya na 1939. Ita kallo kawai ake yi, ta daɗe da daina aiki. Tsofaffin abubuwan hawa uku ke nan, kuma a awa biyu ka gama da su.

Blackpool bai da labari mai tashin hankali irin wannan, kuma abin da ya cece shi ke nan. William George Bean, ɗan Landan da ya yi zama a Amurka ya ga yadda ake yi, shi ya kafa wurin a 1896 kan rairayin kudancin garin. Da ya rasu a 1929 surukinsa Leonard Thompson ya karɓa, kuma har yau wurin na hannun zuriyarsu. Gida ɗaya da ya riƙe fili sama da shekara ɗari ba ya saurin tumɓuke abin da kaka ya dasa. Sai su gina sabo a kan tsoho, ko a ƙarƙashinsa, ko ya ratsa ta tsakiyarsa, shi ya sa wurin ya cukurkuɗe kamar tsohuwar kasuwa. Masu zuwa a wancan zamani ma'aikatan masaƙun Lancashire ne, waɗanda ake rufe wa masaƙar gari sukutum na mako guda a shekara, su cika jiragen ƙasa su nufo teku. Masaƙun nan ne dai suka sa Turawa kwaɗayin audugar ƙasar Hausa a farkon mulkinsu.

Abin da ya fi tsayar da ni a can shi ne lilon Sir Hiram Maxim, na 1904, mafi tsufa a wurin. Dogon ginshiƙi ne a tsakiya, hannuwa goma sun bazu daga samansa kamar haƙarƙarin laima, kowanne na rataye da ɗan jirgi. In ginshiƙin ya fara juyawa, sai jiragen su buɗe waje su yi sama a hankali, kana shawagi kan rufin rumfuna, iskar teku na dukan fuskarka. Da farko siffar kwalekwale aka yi musu, yanzu ta roka ce, amma ƙashin bayan injin na nan. A shagon da ke ƙarƙashinsa akwai taga ta gilashi inda za ka leƙa ka ga manyan haƙoran ƙarfe da bel suna aiki, baƙi ƙirin da man shekaru.

Na daɗe a gaban tagar nan saboda sunan mai shi. Maxim, haifaffen Amurka da ya koma Ingila, shi ne ya ƙirƙiro bindigar nan mai sarrafa kanta a 1884. Da irinta sojojin Lugga suka shigo Kano a Fabrairun 1903, da ita suka fuskanci mahayan Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya ranar 15 ga Maris na shekarar, kafin Burmi a watan Yuli. Bayan shekara guda, mutumin da ƙirarsa ta zubar da kakanninmu yana kafa lilo a bakin teku don ya tara kuɗin gwajin jirgin sama, abin da ya fi damunsa a ƙarshen rayuwarsa. Yaran da ke ihu a samana ba su san da wannan ba, ba kuma laifinsu ba ne. Na yi wa mutanen Giginya addu'a, sannan na hau. Duk Bahaushen da ya je Blackpool ina so ya san wannan kafin ya zauna a kujerar, ko ya hau ko ya fasa, ya yi da sani.

Bayan shi akwai River Caves na 1905, inda kwalekwale ke bi da kai cikin duhu ta gaban siffofin ƙasashen duniya, irin “yawon duniya” na talakan da bai taɓa barin garinsu ba. Akwai Ghost Train na 1930, da ƙaramin jirgin ƙasa na 1934 mai zagaya filin, da jirgin Annabi Nuhu na 1922 wanda yanzu ba a shiga, yana dai zaune a saman ƙofar shiga. A 2017 hukumar adana kayan tarihi ta Ingila ta sa wasu daga cikin tsofaffin abubuwan hawan wurin a jerin abubuwan da doka ta kare. Abin da ya ƙara burge ni, tseren dawakin nan na Tilyou da ya mutu a Coney Island, a Blackpool za ka ɗanɗani irinsa: sun gina nasu Steeplechase a 1977, layi uku, kana zaune kan doki kamar mai sukuwa.

Yanzu ga inda masu son jirgin katako za su yi gardama. Dukkansu dabara ɗaya ce. Babu inji a jikin jirgin. Sarƙa ce ke jan sa zuwa tudun farko, kana jin ƙas-ƙas-ƙas na ƙarfen da ke hana shi komawa baya, daga nan nauyinsa ne ke kai shi har tasha. Abin da ya canza sana'ar shi ne ƙirar John Miller ta 1919: ƙarin ƙafafu da ke kama layin ta ƙasa, ta yadda jirgin ba zai tashi ya bar hanya ba ko da ya tsallake tudu a guje. Kafin wannan dole a yi gangara mai sauƙi, wani lokaci har da mai birki a zaune cikin jirgin. Bayansa sai magina suka samu ƙarfin hali. Big Dipper na Blackpool, wanda aka buɗe a Agustan 1923, Miller ɗin ne ya zana shi, aka kuma ƙara masa tsawo a 1936.

Cyclone ya fi su zafi, wannan ba a musu. Gangararsa ta farko kamar an tura ka rijiya, kwanoninsa a matse suke don filin ƙarami ne, yana wurga ka hagu da dama har kafaɗa ta yi tsami. Mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu, su tsaya a ƙasa. Yaron da bai kai santimita 137 ba ma ba za a bar shi ya hau ba. Big Dipper ya fi sauƙin hali: tsayinsa wajen mita 20, yana miƙewa ya dawo, kowane tudu ya ɗaga ka daga kujera ya mayar. Amma wanda na fi so duka shi ne Grand National na 1935. Jirage biyu ne ke tashi tare suna tsere kafaɗa da kafaɗa, mutanen wannan na yi wa na wancan ihu, kuma in ka tashi daga dama, ta hagu za ka dawo, domin layin da kake gani biyu a gaskiya guda ɗaya ne da ya naɗe kansa. Irinsa kaɗan ne suka rage a duniya. In jirgi ɗaya tak kake so wanda za ka riƙa ba da labarinsa, Cyclone ne. In kana son yini guda kana sauka daga wannan ka hau wancan, Coney Island ba zai iya ba ka ba.

Maganar kuɗi tana juya lissafin. Coney Island unguwa ce, tituna ne na kowa. Ka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, D ko F ko N ko Q, ya sauke ka a tashar ƙarshe ta Stillwell Avenue da kuɗin tafiya ɗaya, ka taka 'yan mintuna ka ga teku. Ba mai tambayarka tikitin shiga. Doguwar hanyar katako ta bakin ruwa, wadda aka buɗe a 1923, kyauta ce. Abin da ka hau shi za ka biya. Ga iyalin da ke da Hajiya da ba za ta hau komai ba, da jariri a goye, da saurayi ɗaya mai son Cyclone, wannan tsari ya fi adalci. Blackpool kuwa a kewaye yake, sai da tikiti ake shiga, kuma saye ta intanet tun kafin ranar ya fi sauƙi a kan saye a ƙofa. Tikitin yana biyan kansa ne in za ka hau da yawa. Ga kuma tafiya: daga Mancesta awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa, daga Landan kuwa wajen awa uku, wanda ke nufin ko dai sammako da dawowar dare, ko kwana. Wanda ke Landan da kwana uku kacal a hannunsa, ban ba shi shawarar ya matsa wa kansa ba.

Duk wuraren biyu ba sa aiki duk shekara. Da sanyin hunturu a rufe suke, kuma a farkon kakar wasa da ƙarshenta sau da yawa sai Asabar da Lahadi. Tsohon inji kuma yakan shiga gyara na watanni, don haka in akwai wanda ka ƙwallafa rai a kansa, duba shafinsu kafin ka yanki tikitin jirgi. Blackpool gari ne na iska da yayyafi ko a tsakiyar watannin zafinsu, ka tafi da rigar sanyi mai hana ruwa. Coney Island a Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso, kuma bakin teku ne, shigar mutane ba irin wadda za ka so ka zauna da surukarka kuna kallo ba ce. Watan Mayu ko Satumba, da hantsi, ya fi dacewa da irinmu. Blackpool ma daren Juma'a da Asabar tsakiyar garin na mashaya ne, gara a kwashe yara a koma masauki da wuri. In an je daga farkon Satumba, akwai fitilun da ake ƙawata bakin tekun da su na tsawon kilomitoci, al'adar da ta kafu tun 1912, ana kallonsu daga cikin taragon lantarki, ga kuma hasumiyar garin ta 1894 mai mita 158.

Abinci kuwa a yi tambaya a ko'ina. Shagon Nathan's da ke Coney Island tun 1916 tarihi ne a kansa, amma mai kula da yanka ya tsaya a kan soyayyen dankali, ko ya biya ta unguwar 'yan Pakistan da ke kan titin Coney Island Avenue ya ci halal hankali kwance. A Blackpool kifi da dankali ne abincin gari, sai dai ka tambayi irin man da suka soya da shi, da ko an sa giya a ƙullin da aka tsoma kifin.

In biza da hanya sun ba ka zaɓi, kuma tsohon lilo ne ya fito da kai, ni Blackpool zan tura ka. Ka isa ana buɗe ƙofa, ka fara da Grand National da Big Dipper kafin layi ya yi tsawo, ka bar na Maxim sai la'asar in rana ta karkata kan ruwa. In kuwa Niyok ce ta samu, ka ware rabin yini kawai: Cyclone tun ciki babu komai, sannan Wonder Wheel, jan ɗaki ga matasa, fari ga iyaye, daga nan a taka kan katako zuwa gidan kifaye, inda hasumiyar Dreamland ta taɓa tsayawa.